Yadda Tunau Ya Kai Iya Dubiya

Ku gyara zama in ba ku labarin maƙwabcina Tunau, amma kada ku matse juna, don in ya leƙo ya gan ku a cunkushe, da gora zai raba ku.

A ƙauyenmu Tungar Ƙirya katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu, ita ma rabinta ya zube, saboda haka abin da zan faɗa muku ba ji na yi ba, gani na yi. Su uku ne a gidan: Tunau, da matarsa Tabawa, da mahaifiyarsa wadda duk gari ke kira Iya Mai Daddawa. Na huɗunsu jaki ne. Tunau ƙato ne, ga ƙarfi ga noma, ba ya ƙarya, ba ya zagi. Matsalarsa ɗaya ce tak: yadda magana ta fito daga bakinka haka take shiga kansa, a miƙe, ba ta lanƙwasa ko kaɗan. Ranar da Tabawa ta ce masa ya sa ido a kan tukunya za ta leƙa maƙwabta, sai da tururi ya kusa makantar da shi.

Iya kuwa tsohuwa ce mai ciwon ƙirji. In hadari ya haɗu ko hayaƙi ya yi yawa, daga tsakar gidana nake jin numfashinta yana fito. Tunau ne ɗanta na fari, kuma shi kaɗai ya rayu cikin waɗanda ta haifa. Saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa yaba masa yana ji ba. "Kai wannan" take ce masa, in ranta ya ɓaci ta ce "wancan sakaran". Shi kuma duk duniya ba abin da yake so irin ya ji ta sa masa albarka da bakinta.

Wata rana, farkon damina, shekarar da korona ta shigo, Malama Hansatu ta ƙaramin asibitinmu ta zo gindin ƙiryar kasuwa da lasifika, ta ce cuta ta zo, kowa ya sa takunkumi. Mutane suka hau surutu. Wanda muryarsa ta fi ta kowa shi ne Kawu Barmo, ƙanen Iya, mai kai albasa birni.

"Cutar masu hawa jirgin sama ce!" in ji shi. "Mu da ranar garin nan ke gasawa kullum, wace cuta ce za ta iya da mu?"

Aka yi dariya aka watse. Malama ta tsayar da Tunau ta ce, "Kai na fi so ka ji ni. Irin su Iya cutar nan take kayarwa. In ta kama ta, da wannan ƙirjin nata, ba na jin za ta tashi."

Idon Tunau ya kaɗa. Ya ce, "Malama, in dai ina numfashi, ba za ta kama ta ba. Me kika ce a sa?"

"Takunkumi."

To, mu a nan takunkumi ɗaya muka sani, wanda ake saƙawa da igiyar rama a ɗaura wa jaki a baki don kada ya ci shukar mutane. Tunau ya koma gida ya zauna ya saƙa wa kowa nasa, daidai bakinsa. Ya fara ɗaura nasa, ya ƙulle a ƙeya tamau. Tabawa na ganinsa ta faɗa ɗaki ta sa sakata. Ya nufi Iya tana shanyar kalwa, ya durƙusa da ladabi ya ce, "Iya, miƙo bakinki." Muciya ce ta fi kusa da hannunta, ita ta miƙo masa a gadon baya. Bai cire nasa ba fa. Da shi ya tafi sallar Azahar ya shiga sahu, kuma wallahi duk wanda ke kusa da shi, har da ni, sai da dariya ta sa ya sake sallar nan.

Wata rana labari ya kai kunnen Malama, ta zo har gida da takunkumi na yadi, ta ba kowa nasa.

"Wannan ne na mutane," ta ce. "Abin da ake so a rufe baki da hanci, don ta nan cutar take shiga."

"Kowane baki?" in ji Tunau.

"Kowane baki. Kada ka bar ko ɗaya a buɗe a gidanku."

Kai, Malama, da kin san wanda kike faɗa wa! Tabawa ta je ɗebo itace ta dawo, ta tarar da atamfarta ta zuwa biki, ita ke nan gare ta mai kyau, an yayyaga ta gutsi-gutsi. An ɗaure bakin randa, an ɗaure bakin tulu, an toshe bakin rumbu, bakin rijiya ma an shimfiɗa masa nasa an danne da duwatsu. Takalman Iya kowane hanci da ƙyallensa. Na bakin murhu tuni ya kama da wuta, Tunau na tsaye yana neman wani. Bakin ƙofar gida kuwa zana ya kafa masa, sai ka yi sallama ka jira a ɗaga maka. Tabawa ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu.

"Malam! Zanen fitar tawa ke nan fa!"

"Yi haƙuri," in ji shi. "Ai an ce fitar ma a rage."

Wata rana yana sauraron rediyo ya ji ana cewa kowa ya riƙa ba da tazara a kasuwa da masallaci. Ya duba ɗakinsa, ya duba aljihunsa, ba shi da tazarar da zai bayar. Hankalinsa ya tashi. Ya shiga kasuwa rumfa rumfa yana tambaya, masu koli suka ce ba su da ita, masu kayan miya suka ce ba su taɓa ganinta ba. Sai wani mahauci mai neman abin dariya ya ce masa ai kyauta ake raba ta a asibiti, ɓangaren mata. Ranar awon ciki ce kuwa. Tunau ya bi layi tsakanin masu juna biyu, da takunkuminsa, ko a jikinsa. Da aka zo kansa ya ce wa mai taimaka wa Malama tazara ya zo karɓa. Ita kuwa tazarar da ake bayarwa a ɗakin nan ta haihuwa ce.

"Ai kai da matarka za ku zo tare," ta ce masa a hankali.

"Ba tamu ce mu kaɗai ba," in ji Tunau da ƙarfi. "Ki ba ni da yawa. Zan ba Liman, in ba Mai Unguwa, Iya ma zan kai mata tata."

Mata suka zube da dariya, har wata ta riƙe cikinta tana kiran a taimake ta. Malama ta fito tana share hawaye, ta ja shi waje ta nuna masa wata gora da ake tsinkar mangwaro da ita a jingine.

"Ga tazara. Tsawon wannan ya zama tsakaninka da kowa."

Tunau ya yi godiya ya saɓi gorar ya tafi da ita. Tun daga ranar ba ya fita sai da ita, yana auna duk wanda ya nufo shi. Ta tuntsurar da faifan ƙwai, ta cire hular ladan, ta shiga tsakanin masu ciniki. Yara suka sa masa Mai Gora, manya suka ce haukan nasa ya ƙaru, shi dai bai ajiye ba.

Wata rana aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanya ta yi santsi, Kawu Barmo ya taho a babur da buhunan albasa, ya zame ya faɗa kududdufin bayan gari. Shi ma fa yana da takunkumi, amma a aljihu yake zama, sai ya hango shingen jami'ai a hanyar birni yake maƙala shi, da ya wuce ya cire. Yawancin garin haka suke. Tunau na dawowa daga gona ya same shi tsamo-tsamo, taɓo har ƙugu.

"Tunau! Allah ya kawo ka. Ba ni hannu!"

"Kawu, an hana ba da hannu."

"Wa ya hana? Ba gaisawa za mu yi ba, nutsewa nake yi!"

"Ba a ce ban da mai nutsewa ba."

Ya miƙa masa bakin gora. Kawu ya zazzaga masa zagi, amma da ya ji taɓo na jan ƙafarsa ya cafke, Tunau ya fizgo shi waje kamar an tumɓuke rogo. Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Sai Tunau ya zaro guntun sabulu daga aljihu, ya tsuguna a gaban kawunsa ya wanke inda ya riƙe tas. Kawu bai ko canza kaya ba ya wuce wurin Iya, ya tsaya a bakin zana yana ɗaga murya.

"Yaya, ɗanki ya mai da ni najasa a garin nan!"

Iya ta ba shi haƙuri, ta yi wa wancan sakaran faɗa har ƙirjinta ya fara fito. Tunau ya sunkuyar da kai ya sha faɗan, da safe ya sake saɓar gorarsa.

Wata rana ruwan da ya dake shi a gona ya sa masa mura. Atishawar farko ya tuna abin da Malama ta faɗa, cewa duk wanda ba shi da lafiya ya zauna a gida. Ya ɗauki buzu ya kai zaure, nesa da ɗakin Iya, ya zauna. Zama fa nake nufi. Bai miƙe ba, bai kwanta ba, salla a zaune, barci a zaune, in lalura ta kama shi da gindi yake ja. Lokacin noman farko ne, ciyawa na cinye masa gero. Abokan nomansa suka zo ƙofar gida da fartanyoyinsu suna kiransa.

"Haba Tunau, mura ce fa kawai! Wa ya taɓa barin gona saboda mura?"

"An ce in zauna," in ji shi daga ciki.

Akuyata ta haura ta inda katanga ta zube ta sa baki a kalwar Iya. Yana kallo, ya miƙa gora ba ta kai ba, ya bi ta da jan gindi yana kora, kafin ya isa ta ƙoshi. A majalisa aka yi ta cewa Tabawa ta sa mijinta a kulle, saura ta saya masa mayafi. Abin ya ba ni haushi a lokacin, don geron nan shi ne abincinsu na shekara. Sai da murar ta sake shi sarai ya tashi, ƙafafu a kumbure, ya shiga gona ya yi ta fama da ciyawar da ta kai masa gwiwa.

Wata rana Kawu Barmo ya dawo daga birni da tari da zazzaɓi. Shi bai zauna ba. Ya je majalisa ya sa hannu a kwano ɗaya da mutane, ya je kasuwa, ya je Juma'a, duk wanda ya ce masa sannu sai ya ce ɗan sanyi ne. Da abin ya tashi kayar da shi, ko ruwa ba ya iya ɗauka da kansa.

Kun san garinmu. In mutum ya kwanta, rashin zuwa dubiya ya fi zagi ciwo. Gidan Kawu ya cika, mata da kwanonin kunu, maza a jere a tabarma, ana ta sannu ana dafa shi. Goggo Yalwa, ƙawar Iya tun suna 'yan mata, ta biyo wa Iya da sassarfarta, don ita tsohuwa ce mai ƙwari, har surfe take yi wa kanta.

"Ke har yanzu kina nan? Ƙanenki fa! Na yi gaba, ki same ni."

Gidan Kawu yana can ƙetaren fadama, ƙirjin Iya ba zai kai ta a ƙafa ba. Ta yafa mayafi ta ce, "Kai wannan, ɗora wa jaki akumari ka kai ni in dubo ƙanena."

Tabawa ta matso kusa da shi ta rage murya. "Malam, tari fa yake yi."

"Iya ta ce in kai ta ta duba shi," in ji Tunau. "Zan kai ta."

Ni kuwa na san bai taɓa tsallake maganar uwarsa ba. Na ce shi ke nan, duk wahalar da bawan Allahn nan ya sha ta tafi a banza. Na sa takalmi na bi su a baya. Ya ɗaura wa Iya takunkumi, ta bari saboda sauri, ya ɗora ta a jaki, linzami a hannu ɗaya, gora a ɗaya.

Da suka isa, ya leƙa ƙofar ya ga mutane maƙil har zaure. Ya girgiza kai ya ce ta nan ba abin da za a gani sai ƙeyar mutane. Ya ja jaki ya zaga bayan gida, inda akwai wani tudun tsohon gini, ya hau da shi har ƙoli. Daga nan kana ganin tsakar gidan tar, ga Kawu can kwance a ƙarƙashin rumfa, an kewaye shi.

"To Iya, ga Kawu can. Duba."

"Sauke ni mana in shiga!"

"Cewa kika yi in kawo ki ki duba shi. Nan ya fi ko'ina gani. Kin gan shi?"

"Na gan shi, sakarai, amma ai..."

"Alhamdu lillahi." Ya cika ƙirji ya ƙwala kira. "Kawu! Sannu! Ga Iya ta dube ka! Allah ya sawwaƙe!"

Ya juya kan jaki ya nufi gida. Kada ku ce dabara ya yi, Tunau bai san inda dabara take kwana ba. Shi a wurinsa dubiya dubawa ce, kuma an duba. Mutanen ciki suka miƙe suna leƙe, wasu na salati wasu na dariya. Goggo Yalwa ta fito tana tafa hannu tana cewa wannan wane irin ɗa ne. Iya ba ta iya sauka daga jaki ita kaɗai, ta dake shi da mayafi, ta roƙe shi, ta yi kuka don kunya, shi kuwa yana ta ba ta haƙuri yana cewa in ba ta gani da kyau ba ne a koma tudun. Suna shiga gida ta ce, "Ka tozarta ni a gaban dangina. Daga yau kada in ƙara jin muryarka."

Wannan ma yadda ta faɗa haka ya ɗauka. Ya daina magana a duk inda za ta ji. Ya ɗebo ruwa shiru, ya kawo itace shiru, gaisuwar safe sai ya durƙusa daga nesa ya tashi. Na sha ganinsa a bayan rumbu yana share ido, abin ya taɓa min rai ƙwarai.

Iya ta yi niyyar neman wani ya mai da ita gidan Kawu, amma washegari Malama ta zo da ma'aikata daga babban asibiti, aka gwada Kawu, aka ce korona ce. Aka hana shiga gidan. Sai dai an makara. Waɗanda suka zauna a rumfar nan suka fara kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu Allah ya tashe su. Goggo Yalwa, wadda ta fi Iya ƙarfi nesa ba kusa ba, wadda ta zauna a gefen tabarmar Kawu tana ba shi kunu da hannunta, ba ta tashi ba. Garin ya yi tsit. Takunkuman da ke aljihu suka koma fuska, ba wanda ya ƙara ce wa Tunau Mai Gora. Iya ta yi kukan ƙawarta a ɗaki, ta daina faɗa, ta daina ma yawan magana.

Wata rana da hantsi sai ga Kawu Barmo a ƙofar gidan, ya warke amma ya rame, riga na yawo a jikinsa. Ba wanda ya ce masa ya tsaya, shi ya tsaya da kansa daga nesa. Tunau ya ɗaga zana ya fito.

"Ɗan nan," in ji Kawu, "da ka sauke ta daga jakin nan, da yanzu ni na kashe yayata. Ba ni da bakin magana."

Tunau ya dubi bakin, ya ga dai yana nan, kuma a buɗe. Ba damar ya yi magana, Iya na tsakar gida. Sai ya koma ciki ya ɗauko takunkumi wankakke, ya rataya a kan gora ya miƙa masa. Kawu ya karɓa ya ɗaura, hawaye na jiƙa yadin.

Iya ta ji komai. Ba ta dubi ƙofa ba, ta ci gaba da tsince kalwarta, ta kira surukarta da murya yadda kowa zai ji.

"Tabawa."

"Na'am, Iya."

"Mai jakin nan da ya kai ni dubiya, Allah ya yi masa albarka. Allah ya ba shi masu tsaya masa yadda ya tsaya min."

Tunau na tsaye a bakin zana. Ya yafito Tabawa da sauri ya raɗa mata magana a kunne. Tabawa ta dubi ƙasa, dariya da kuka na kokawa a fuskarta.

"Iya, wai in faɗa miki, ko ba ki gane ba, shi ne mai jakin."

"Na sani," in ji Iya. "Ce masa na janye maganata. Ya buɗe baki ya ce amin."

Tunau ya kai hannu ga takunkuminsa, sai ya tsaya. Ya kwantar da gora a ƙasa tsakaninsa da uwarsa, ya ja da baya har ƙarshenta, sannan ya sauke yadin ya buɗe baki ya ce amin da ƙarfin da sai da jaki ya firgita. Ni da nake bayan katanga na taya shi.